Bindigarka Halas Ce A Texas, Amma Kada Ka Kai Ta New York

Wani ɗan'uwa da ke zaune a birnin Houston na jihar Texas ya aiko da tambaya, ya kuma nemi a sakaya sunansa. Yana da katin zama na dindindin a Amurka, bai kai ga zama ɗan ƙasa ba tukuna. Shekara biyu da suka wuce ya sayi bindiga ƙirar AR-15 a shagon da ke da lasisi, baƙa ce wuluk, akwai zanen ƙoƙon kan mutum a jikinta, a kan ɗan murfin da ke tare ƙura kuma an rubuta wata magana mai ma'anar "babu tausayi". Wata rana da yamma yana sauko da ita daga mota a buɗe, sai maƙwabciyarsa ta hango, ta kai ƙara wurin manajan gidajen hayar tana cewa makamin yaƙi ne kuma mai shi abin tsoro ne. Yanzu manajan ya fara yi masa maganar tashi, shi kuma dama yana shirin komawa unguwar Bronx a birnin New York wurin iyalinsa. Tambayarsa ita ce ko ana iya kama mutum da laifi saboda kamannin bindigarsa kawai.

Malam, amsar ta danganta ga wanda yake kallon bindigar da kuma inda kake tsaye da ita. Kallon maƙwabciya ba shi da ƙarfin doka, kallon dokar New York yana iya kai ka kurkuku, akwai kuma kallon mutanen gari da kotun Amurka ke zaɓa su saurari shari'a su yanke maka hukunci idan wata rana ƙaddara ta sa ka harba ta.

A Texas dai ba ka aikata laifin komai ba ta hanyar mallakarta. Jihar ba ta neman lasisi ko rajista ga doguwar bindiga, ba ta kuma ware AR-15 daga sauran bindigogi ba, dokar tarayya kuwa ta yarda mai katin zama na dindindin ya mallaki makami kamar yadda ɗan ƙasa yake mallaka. Mutane da yawa suna zaton haruffan AR na nufin bindigar kai farmaki, alhali an ciro su ne daga sunan kamfanin ArmaLite, wanda ya ƙera ta ya sayar wa kamfanin Colt haƙƙinta a 1959. Wadda ake sayar wa farar hula harsashi ɗaya take fitarwa a duk lokacin da aka ja kunama, saɓanin ta soja mai aman wuta. A gida ma mun saba da irin wannan ruɗanin, inda duk baƙar bindiga mai lanƙwasasshen gidan harsashi sunanta AK a bakin jama'a.

Manajan gidajen ba shi da hurumin tayar da kai saboda bindigar. Tun watan Satumba na 2019 dokar Texas ta hana mai gidan haya hana ɗan haya ajiye makamin da ya mallaka bisa ƙa'ida a cikin ɗakinsa, ko a motarsa da ke wurin ajiye motocin gidan, ko ɗaukarsa kai tsaye tsakanin mota da ɗaki. Ka nemi duk abin da zai faɗa maka ya faɗa a rubuce, kai ma ka amsa a rubuce cikin ladabi, ka ajiye kwafi. Idan kuma ka lura akwai wasu 'yan haya masu bindigogi da ba a taɓa yi musu magana ba, kai kaɗai aka sa wa ido saboda sunanka ko addininka ko ƙasar da ka fito, to maganar ta koma ta nuna bambanci, kuma dokar gidaje ta tarayya ta 1968 ta ba ka shekara ɗaya ka kai kuka ma'aikatar gidaje. Maganar kai maƙwabciyar kotu kan ɓata suna ban ba ka shawararta ba, domin faɗin cewa mutum abin tsoro ne ra'ayi ne, Texas kuma tana da dokar da ke iya sa wanda ya shigar da irin wannan ƙara ya biya kuɗin lauyan wanda ya kai idan aka kori ƙarar. Amma kai ma akwai gyara a wurinka: sashe na 42.01 na kundin laifukan jihar ya hukunta nuna bindiga a bainar jama'a ta hanyar da aka shirya don tsorata mutane, hukuncin kuma yana kaiwa kwana 180 a tsare. Ban ce abin da ka yi ya kai nan ba, sai dai jakar bindiga mai zik ba ta da tsada, kuma da a cikinta ka ɗauko ta da babu wanda zai san abin da ka shiga da shi.

Inda na fi so ka natsu shi ne batun New York, domin a can siffar bindiga ita ce ainihin abin da doka take aunawa. Asalin abin ya faro ne daga dokar tarayya da Shugaba Bill Clinton ya sanya wa hannu a watan Satumba na 1994, wadda ta haramta ƙera wasu bindigogi ta hanyar ambaton sunayensu, irin su Colt AR-15 da Uzi da Galil da Steyr AUG, sannan ta haramta duk bindiga mai ɗura wa kanta harsashi, mai gidan harsashin da ake cirewa, idan tana da siffofi biyu daga cikin jerin da aka lissafa: gindi mai naɗewa, mariƙi irin na ƙaramar bindiga, wurin ɗaura banati, abin rage walƙiyar wuta a baki, da wurin harba gurneti. A cikin wannan dokar aka keɓe ɗaruruwan bindigogin farauta aka ce babu ruwansu, daga ciki har da Ruger Mini-14 mai gindin katako, wadda take cin harsashi iri ɗaya da AR-15 kuma take harbi ɗaya bayan ɗaya kamar ita. Kamfanoni suka cire wurin banati da abin rage walƙiya, suka canja wa bindigogin suna, suka ci gaba da ciniki. Dokar ta ƙare da kanta a 2004, majalisa ba ta sabunta ta ba.

Jihar New York ba ta saki wannan hanyar ba, ta ma ƙara tsananta ta. Dokar da Gwamna Andrew Cuomo ya sanya wa hannu a watan Janairu na 2013, wata guda bayan kisan yara a makarantar Sandy Hook, ta mayar da ma'aunin siffa ɗaya tak maimakon biyu. Mariƙin da ke ƙarƙashin bindigarka kaɗai ya isa, haka gindin da ake ja ya tsawaita, haka zaren da ke bakinta na ɗaura wani abu. An ba waɗanda suka riga suka mallaka damar yin rajista zuwa 15 ga Afrilu, 2014, ƙofar kuma ta rufe tun ranar, babu wata hanya da baƙon da ya shigo daga wata jiha zai bi ya yi wa tasa rajista. Mallakarta babban laifi ne a ƙarƙashin sashe na 265.02 na kundin laifukan jihar New York, ɗaurinsa yana kaiwa shekara 7, gidan harsashi mai ɗaukar fiye da 10 kuma laifi ne mai zaman kansa, alhali wanda aka saba haɗowa da irin bindigarka a Texas 30 yake ɗauka. Birnin New York, wanda Bronx take cikinsa, yana da tasa dokar a kan ta jiha: ko bindigar farauta sai da izinin rundunar 'yan sandan birnin, gidan harsashinta kuma kada ya wuce 5. Saboda haka kada wani mai shago ya ruɗe ka da cewa zai canja mata mariƙi da gindi ta dace da dokar jihar, domin abin da ya wuce a wani ƙauyen arewacin jihar ba lallai ya wuce a Bronx ba.

A ra'ayina ma'aunin siffa yana da rauni, tunda bindigogi biyu masu ɓarna iri ɗaya suna iya samun hukunci daban saboda ɗaya katako ce ɗaya baƙin ƙarfe da roba, ko da yake masu goyon bayansa suna cewa mariƙin da gindin suna taimaka wa mai harbi ya riƙe saiti yayin da yake harbi da sauri. Amma ra'ayin lauya ba ya buɗe ƙofar kurkuku. Kotun Ƙolin Amurka ta faɗaɗa 'yancin riƙe makami a shari'ar Heller ta 2008 da ta Bruen ta 2022, duk da haka a watan Yuni na 2025 ta ƙi sauraron ƙarar da ta ƙalubalanci irin wannan haramci a jihar Maryland. Ga mai katin zama kuwa haɗarin ninki biyu ne, domin dokar shige da fice ta ce duk baƙon da aka samu da laifin mallaka ko ɗaukar bindiga ba bisa ƙa'ida ba ana iya mayar da shi ƙasarsa, ko da laifin ƙarami ne, ko da ya shekara ashirin a Amurka da mata da 'ya'ya. Dokar tarayya ta 1986 da ke kare matafiyi mai bindiga a kulle a bayan mota ba za ta cece ka ba, saboda tana aiki ne kawai idan bindigar halas ce a inda ka taso da kuma inda za ka sauka.

Saura zanen ƙoƙon kai da rubutun. Babu dokar da ta hana su, sai dai ina so ka san labarin Daniel Shaver, mutumin Texas mai aikin kashe ƙwari da tsuntsaye masu ɓarna. A ranar 18 ga Janairu, 2016, yana ɗakin otal a garin Mesa na jihar Arizona yana nuna wa baƙinsa bindigar iska da yake aiki da ita, wani ya hango ta taga ya ɗauka bindigar gaske ce, aka kira 'yan sanda. Ɗan sanda Philip Brailsford ya harbe shi sau 5 da AR-15 a barandar otal ɗin yana rarrafe yana roƙo, babu makami a jikinsa. Da aka duba bindigar ɗan sandan, wadda tasa ce ta kansa, sai aka ga an zana ashar a kan murfin ƙurarta, ma'anarta kusan "kashinka ya bushe". Masu gabatar da ƙara sun so a nuna wa masu yanke hukunci wannan rubutu, alƙali ya hana, yana ganin zai cusa musu ƙiyayya fiye da yadda zai haska gaskiyar abin da ya faru, a watan Disamba na 2017 kuma aka wanke ɗan sandan. Rubutun dai ya shiga cikin dalilan korarsa daga aiki, ya kuma bi duniya a jaridu, daga baya birnin Mesa ya biya matar mamacin dala miliyan 8.

Abin lura a nan shi ne hana nuna rubutun hukuncin alƙali ɗaya ne a shari'a ɗaya, ba ya ɗaure wani alƙalin. Ƙa'idojin shaida na Texas, sashe na 403 da na 404, sun hana a kafa hujja da halin mutum don a ce tunda mugu ne to ya aikata, amma sun bar ƙofa a buɗe idan abin zai nuna niyya ko manufa, alƙali ne kuma yake auna amfanin shaidar da cutarwarta. Duk wanda ya ce ya harbi mutum don kare kansa, shari'arsa kacokan tana kan abin da ke zuciyarsa a wannan daƙiƙar, ko tsoro ne na gaskiya ko kuwa dama yana neman hanya. Ka kwatanta mutum 12 daga cikin jama'ar gari, wasunsu ba su taɓa riƙe bindiga ba, an ɗora musu taka a kan teburi da ƙoƙon kai a jikinta da "babu tausayi" a gefenta, ga mai ita baƙon haure a idonsu ko da takardunsa sun cika. Ko an hana a karanta rubutun, ɗan sandan da ya fara zuwa wurin da mai gabatar da ƙara da zai yanke shawarar gurfanar da kai duk sun riga sun gani.

Murfin ƙura ƙaramin ƙarfe ne da ake canja shi da 'yan daloli, kuma yanzu da babu wata shari'a ko bincike a kanka kana da cikakken ikon canja shi. Bayan wani abu ya faru kuwa, cire shi lalata shaida ne, wanda shi kansa babban laifi ne. Zanen ƙoƙon kan ya fi wuyar sha'ani idan a kan gangar jikin bindigar yake, wato ɓangaren da ke ɗauke da lambar kamfani, domin mallakar bindigar da aka goge ko aka taɓa lambarta laifin tarayya ne mai ɗaurin da ya kai shekara 5. Kada ka sa mata magagari ko takardar gurza ƙarfe da hannunka. Haka kuma kada ka rage tsawon hancinta ƙasa da inci 16, nan ma wata dokar tarayya ce daban ke jiran mutum.

Tunda tafiya Bronx ta tabbata, abin da na fi gani shi ne ka sayar da bindigar da duk gidajen harsashinta kafin ka bar Texas, ta hannun dillali mai lasisin tarayya, ka karɓi rasit mai ɗauke da lambarta da kwanan wata. Doka ta yarda mazaunin Texas ya sayar wa mazaunin Texas hannu da hannu, amma takardar dillali ce za ta raba ka da ita idan wata rana aka tsince ta a wurin da bai dace ba. Idan ba ka son rabuwa da ita, ka bar ta ajiya a shagon da ke yin wannan hidima, ko wurin amintaccen mazaunin jihar da doka ba ta hana shi riƙe makami ba. Kada ka bar wa ƙane ko ɗan ɗaki da ke ƙasar da bizar karatu ko ta ziyara, domin dokar tarayya ta hana masu irin wannan biza mallakar bindiga sai a wasu 'yan yanayi, kamar mai lasisin farauta. Kafin ka sa hannu a kan kowace takarda da ta shafi zargin maƙwabciyar, ko ka amsa tambayar ɗan sanda a kanta, ka zauna da lauya mai lasisin aiki a Texas wanda ya san dokar shige da fice. Ranar ɗaure kaya kuma ka zazzage jakunkuna da aljihun mota da akwatunan da za a loda a babbar mota, saboda gidan harsashi ɗaya da aka manta a ƙarƙashin kujera ya isa a tuhume ka da shi a New York ko da babu harsashi ko ɗaya a ciki.