Amsa ga ƙanenmu mai son wasan tsalle da keken guragu har gasar duniya

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce shekarunka 17, shan inna ya taɓa maka ƙafafu tun kana ƙarami, ka ga bidiyon wani bature yana gangarowa daga tudun katako da keken guragu yana alkafura a sama, kana tambaya ko ɗan Damagaram zai iya koyon wannan har ya je gasar duniya. Na ga wasu sun ce maka ka bari ka kama sana'a. Sana'a kam ka kama, amma ni ba zan ce ka bari ba. Ni ma a kan keke na girma, walda nake yi, kekunan guragu nake haɗawa da gyarawa, kuma na daɗe ina ƙwallon kwando da tsere a kan keke har na fita waje da su.

Wasan ana ce masa WCMX. Baturen nan kusan tabbas Aaron Fotheringham ne, wanda ake kira Wheelz, ɗan Las Vegas a Amurka, an haife shi a 1991 da matsalar ƙashin baya. Shi ya fara yin alkafurar baya da keken guragu a 2006 yana da shekara 14, a 2010 ya yi biyu a tsalle ɗaya, kuma shi ne ya gangaro daga ƙaton tudun nan a bikin buɗe gasar Paralympic, wato babbar gasar nakasassu ta duniya, a Rio ta Brazil a 2016. To amma ka san yaushe ya fara shiga filin wasan, irin mai tudu da gangaren siminti? Yana ɗan shekara 8, yana bin yayansa mai wasan keke. Shekara shida kenan yana faɗuwa yana tashi a kan siminti mai santsi, da keke mai kyau, kafin wannan juyin da ka gani na daƙiƙa biyu. Ba wanda ya taɓa ɗaukar takobin kokowa bai sha ƙasa a dandalin unguwarsu ba.

Abin da ya sa na ce kar ka bari, wasan nan har yanzu ƙarami ne, masu yinsa a duniya ba su da yawa kuma kusan duk sun san juna. Ba ya cikin wasannin Paralympic, saboda haka ba sai ka zauna jiran wata hukuma a Yamai ta zaɓe ka ta sa sunanka a takarda ba kamar yadda muke yi a tsere da kwando. An yi gasar duniyarsa a Texas, a 2019 aka yi ta a Kolon ta Jamus, inda wata yarinya Lily Rice daga Wales ta ci ta ɓangaren mata tana da shekara 15. Akwai rukunin masu farawa, akwai na ƙwararru. Ana ba ka ɗan lokaci ka zagaya filin, alƙalai su duba wuyar abin da ka yi, da yadda ka haɗa wannan da wancan ba tsayawa, da yadda ka ci filin gaba ɗaya. Wanda ya yi abubuwa matsakaita da tsabta yana iya wuce wanda ya nemi babba ya kife.

Yanzu maganar keke, a nan ne aikin yake. Idan irin namu mai taya uku gare ka wanda ake tuƙawa da hannu da sarƙa, wallahi kar ka hau ko gangaren gada da gudu da shi, dogo ne, nauyinsa a sama yake, kwana ɗaya mai kaifi zai watsar da kai. Irin na asibiti mai naɗewa shi ma a'a, tsakiyarsa gicciye ne da ƙusoshi, saukar farko mai ƙarfi zai lanƙwashe, na gyara irinsu ba adadi kuma kullum a wuri ɗaya suke karyewa. Na WCMX ƙarfensa a haɗe yake ba ya naɗewa, yana da amortisor a ƙarƙashin wurin zama irin na keken hawan dutse don kar bugun ya tafi kai tsaye cikin ƙashin bayanka, tayoyin gaba ƙanana ne irin na allon skate, wato katakon nan mai ƴan tayoyi da yara ke tsayawa a kai suna gudu, akwai sandar ƙarfe a ƙasa ta zamewa a kan bakin siminti, akwai bel da ke ɗaure ka da keken ku zama abu ɗaya. Sabo kuɗinsa dubban dalar Amurka ne, miliyoyin sefa kenan. Amma na koyo ana iya haɗa shi a nan da tiyo mai kauri, a yi shi daidai faɗin ƙugunka, a matso da aksin manyan tayoyi gaba kaɗan don ɗaga gaba ya yi sauƙi. Na tsalle mai tsawo ne ba zan yarda in yi wa ɗan kowa ba, don waldar da ta buɗe a sama ba ta ba da sanarwa.

Filin kuma ba mu da shi, gaskiya kenan, garinmu yashi ne da duwatsu da ƙaya. Yashin nan yana shiga rulma, sati biyu ka ji taya na kuka, dole ka koyi kwancewa ka wanke da kananzir ka sa man giris da kanka. Amma rabin wasan ba ya buƙatar fili. Ka nemi daɓen siminti, filin kwando na lekol ko farfajiyar wani ofis da yamma idan mai gadi ya yarda, ka koyi tsayawa a kan tayoyin baya kawai, wani na riƙe da kai ta baya. Sai ka iya tafiya a haka, ka juya dama da hagu a haka, ka koma baya a haka, ka sauka daga bakin gudron ka hau shi, sannan matakala ɗaya, sannan biyu. Wannan kaɗai zai ci maka watanni, kuma ko ba ka taɓa zuwa gasa ba ya canza maka rayuwa, don ranar da ka haye dakalin shago ba wanda ya ɗaga ka za ka gane abin da nake nufi. Bayan nan kafinta ya yi maka ɗan tudun katako da bai wuce gwiwar mutum ba. Kuma kar ka raina haɗa kai da yaran da ke wasan keke da takalmin taya a gari, a Kitintale ta Kampala a Uganda matasan unguwa ne suka zuba siminti suka gina filinsu da hannunsu, Akara ta Ghana ma ta samu nata a 2021.

Jikinka fa ƙanena. Mu na shan inna muna da sa'a ɗaya, muna jin ƙafafunmu, idan mun ji ciwo mun sani. Amma ƙashin ƙafar da ba ta taka ƙasa siriri ne, yana karyewa da abin da bai kai ya kawo ba, don haka a ɗaure ƙafafun a jikin keke kar su yi lilo. Kaske mai rufe haɓa, ba na ƴan kabu-kabu mai kamar ƙwarya ba, da kariyar gwiwar hannu da safar hannu, ko a zafin watan Afrilu. Kafaɗunka su ne ƙafafunka har tsufa, idan suka fara ciwo ka huta, na san ƴan wasa da yanzu ko ɗaga kansu zuwa gado yana yi musu wuya. Ka je lokotoro ya duba bayanka kafin ka fara, kuma ka nuna wa mahaifanka bidiyon da kanka, kar su gani a wayar maƙwabta.

Sai hanyar fita. Duk abin da ka iya ka sa a ɗauke ka da waya, ka ajiye, ka riƙa sawa a Instagram da Facebook da sunan wasan, ka rubuta da Faransanci da ɗan Turanci cewa daga Zinder kake a Nijar. Mutanen wasan nan suna amsa saƙo, a Jamus akwai David Lebuser da ƙungiyarsu Sit'n'Skate masu koyar da yara. Bidiyon yaro yana sauka matakala a keken da aka yi a garinsu, duwatsun Birni a bayansa, shi zai jawo maka tsohon keken wani ko takardar gayyata. Ita takardar ce ginshiƙin biza, kuma rashin biza ya sha hana ƴan wasan Afirka tafiya. Ka nemi paspor da wuri, ka shiga ƙungiyar wasannin nakasassu ta jiha ko da kwando ne ko ƙwallon guragu irin wadda ƴan Kano suka yi suna a kanta, don wanda ke da katin ɗan wasa da hotunan gasa maganarsa ta fi nauyi a ofishin jakadanci.

Ka turo min hoton keken da kake kai yanzu ta gefe da ta ƙasa, da faɗin ƙugunka da nauyinka, in gani ko zai gyaru ko sai mun haɗa sabo. Idan za ka zo gareji ka zo da babanka ko yayanka, da su zan fara magana.