Amsa ga mai tambaya kan Mosin-Nagant da aka sabunta

Malam, ka ce kana zaune a Amurka, ka ga Mosin-Nagant 91/30, tsohuwar bindigar sojan Sobiyet, da aka sabunta, kana tambaya ko za ta yi maka harbi da kuma ajiyar tarihi a lokaci guda. Gaskiya wajen harbi za ta yi, amma masu tara kayan tarihi ba za su ba ta darajar ta asali ba.

Bayan yaƙin duniya na biyu ya ƙare a 1945, Tarayyar Sobiyet ta tattara waɗannan bindigogi, ƙirar masana'antun biranen Tula da Izhevsk na Rasha, aka wargaza su, aka sauya abin da ya lalace, aka shafe su da maiƙo aka adana. Duba jikin katakon: idan ka ga hatimin murabba'i da layi a karkace, ta bi ta wurin gyara. Duba lambobin da aka buga a sassanta kuma. Sau da yawa an soke tsohuwar lamba an buga sabuwa, ko an zana ta da alƙalamin lantarki don ta dace da sauran. Mai tarawa yana ganin haka zai ja baya, domin shi abin da yake nema shi ne kowane sashe ya fito tare tun daga masana'anta.

Ni dai shawarata, in harbi kake so, saye ta. Amma haska tocila cikin bututun ka ga ko layukan ciki ba su cinye ba, sannan ka kai wa maƙerin bindiga ya auna ta kafin harsashin farko. Tsofaffin harsasan soja na 7.62x54R, wato irin waɗanda wannan bindiga ke amfani da su, suna barin gishiri mai jawo tsatsa, don haka ka wanke bututun da ruwan zafi a ranar, ka busar, ka sa mai.