Amsa: ƙarar "ƙas" da ake ji idan lup ya zagayo

Ɗan'uwa, ka ce duk sanda lup ɗinka, wato guntun kiɗan da ka yanka yake ta maimaita kansa, ya koma farko sai ka ji wani ɗan "ƙas", wani lokacin kuma kiɗan ya yi tuntuɓe. Matsala biyu ce, kowacce da maganinta.

"Ƙas" ɗin daga wurin yanka yake fitowa. Sauti igiya ce mai hawa da sauka. Idan ƙarshen lup ya tsaya a sama, farkonsa kuma yana ƙasa, dole lasifika ta yi tsalle tsakaninsu, tsallen nan kake ji. Ka faɗaɗa hoton igiyar a allon samfila (na'ura ko manhajar da kake ɗaukar sauti da yanka shi), ka aza yankan farko da na ƙarshe daidai inda ta ratsa layin sifili, wato layin tsakiya, duka biyun tana hawa ko tana sauka. A sauti mai kauri irin na bes (bass) abin ya fi fitowa fili, don haka ka natsu a nan sosai.

Tuntuɓen kuwa tsawo ne bai cika ba. A gudun bugu 120 a minti, bugu 4 daƙiƙa 2 ne cif, wato samfur (ƙananan ɗigon da na'ura ke rarraba sauti a kai) 88,200 idan kana ɗaukar 44,100 a kowace daƙiƙa. Fara yanka a kan dukan gangar farko, ka tsaya gab da wanda zai buɗe zagaye na gaba.

Abin da ni na fi so: ka bar kiɗan ya zagaya sau 2 kana ɗauka, sai ka yanki na biyun. Amon da ya biyo daga zagayen farko ya riga ya zauna a bakinsa, mahaɗar ba za ta jiyu ba.