Ƙanwata, ni ma a hannun gwaggo aka bar ni ina shekara 13

Wa alaikumus salam ƙanwata. Wallahi da na karanta tambayarki sai da na kife wayar na share hawaye. Kin ce tun kina shekara 12 kike hannun riƙo, yanzu kin yi aure, amma maigida ya yi awa biyu bai amsa saƙo ba sai ƙirjinki ya hau dukan uku-uku, har kina tunanin ko iska ce ko sammu. Kamar labarina kika rubuta.

Ummata kamen marasa takardun zama da aka yi a Saudiyya ƙarshen 2013 ne ya rutsa da ita, kun dai san lokacin. Da safe ta ɗauki kular abinci ta nufi Shara Mansur, wani titi a Makka, ta ce in jiƙa wake kafin ta dawo. Na jiƙa. Waken nan ya kwana biyu a roba har ya yi kumfa ya fara wari, na hana kowa zubarwa. Sai bayan sati uku na ji muryarta daga Kano, an mayar da ita gida. Gwaggona ta ɗauke ni, mutane suna ta sa mata albarka. Tsakani da Allah ba ta taɓa hana ni abinci ba. Amma ranar da na fara al'ada na same ta a kicin jikina na ɓari, ko waiwayowa ba ta yi ba, ta ce, "Uwarki da ta tafi ta bar min wahala, ita za ki kira." A gaban 'ya'yanta maza. Na shige banɗaki na wanke zanena da sabulun wanka, na zauna a kan bokiti har aka kira la'asar, babu wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. Daga ranar ban ƙara kai wa kowa kukana ba. Har gobe in ta kira ni gaisuwar sallah tafin hannuna sanyi yake yi. Ita ta manta ma ta faɗa, wannan ya fi komai ci min rai.

Da na yi aure sai abin ya juye, na maƙale wa bawan Allah kamar ƙaska. Ya tafi aiki Jidda, ni kuma ina zaune ina ƙirga mintoci.

Likitar ƙwaƙwalwa ce ta fara fahimtar da ni. Ta ce tun shekarun 1950 wani likitan Ingila, John Bowlby, da Mary Ainsworth wadda ta zauna da iyaye mata a Yuganda, suka yi nazarin shaƙuwar yaro da mai rainonsa. Wanda ya saba in ya yi kuka ana zuwa, yakan girma da natsuwa. Wanda aka yanke masa, wani ya zama mai maƙalewa da tsoron a gudu a bar shi, wani ya rufe zuciyarsa gam. Ni duka biyun na yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce rabin matsalolin ƙwaƙwalwa suna farawa ne zuwa shekara 14. Kuma likitar ta tabbatar min abin yana sauyawa in mutum ya samu wanda ya tsaya masa.

Kada ki bar azkar, amma ki ga likita, ko ki kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya, ki nemi shawara. Ki zaunar da mijinki ranar da babu rigima, ki ba shi labarin tun daga tushe. Nawa yanzu in aiki ya riƙe shi, "ina lafiya" kawai yake turowa, ta ishe ni barci. Ki daina binciken wayarsa, na yi, ƙara min ciwo ya yi.

Ku kuma iyayenmu da ke riƙe da 'ya'yan mutane a Makka da Madina, don Allah shinkafa da abaya ba su ne riƙo ba. Yarinya in ta tsaya a bakin ƙofa tana murza yatsu, magana ce a bakinta, ku juyo ku dube ta.

Mahaifiyarki tana raye? Ba ki faɗa ba. In tana nan ki riƙa kiranta ko ba ku da abin cewa. Ki yi min magana ta akwatin saƙo, bayan isha nake samun sarari.