Mun sayi sabuwar saba, yaya za mu tashi daga tsohuwar?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sarin kayan gini a Asawase, nan Kumasi. Kwamfutoci 12 ne a ofis da sito, duk suna rataye da saba ɗaya, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, mai Windows Server 2012 R2, yanzu kuma ta fara ƙara kamar injin niƙa. Mun sayi sabuwa. Yaron da ke kula mana ya ce daren Asabar zai kwashe fayiloli ya kashe tsohuwar. Hakan ya wadatar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Sauyin kam ya yi daidai, domin tun 10 ga Oktoba 2023 Microsoft ta daina ba 2012 R2 gyaran tsaro na kyauta. Amma shirin yaron nan da saura.

Fayiloli ne mafi sauƙin abin da ke cikin sabar. Idan ma'aikatanka suna shiga kwamfuta da sunansu da kalmar sirri, to ita ke riƙe da rajistarsu a Active Directory. Galibi kuma ita ke raba wa kwamfutoci lambar IP (adireshin kowace kwamfuta) ta DHCP, ita ke nuna musu hanyar juna ta DNS. Idan aka kashe ta daren Asabar, ranar Litinin kwamfutoci za su kunnu lafiya, amma firinta ta ɓace, akawu ya rasa foldarsa, ga masu sayen siminti a tsaye.

Kafin a taɓa komai, a ɗauki cikakken kwafin ajiya a faifan waje, a kuma gwada dawo da wasu fayiloli daga cikinsa a gabanka. Na sha ganin kwafin da aka yi shekaru ana taƙama da shi, ranar buƙata ya ƙi buɗewa.

Daga nan a bar sabobin biyu su yi aiki tare. A shigar da sabuwar cikin domen ɗinku, wato rukunin kwamfutocin da ke ƙarƙashin rajistar nan, a ɗaga ta ta zama mai kula da domen ta biyu, a ba ta lokaci ta kwafi rajistar, sannan a miƙa mata muƙamai biyar na jagorancin domen da ake kira FSMO, a bi da DNS da DHCP. Akwai tarko biyu a nan. Idan domen ɗin tsoho ne, foldar SYSVOL da ke ɗauke da dokokin domen na iya kasancewa kan tsohon tsarin kwafi na FRS, kuma daga bugun 2019 zuwa sama Windows Server ba ya yarda sai an mayar da ita sabon tsarin DFSR. Na biyu, bugun 2025 yana buƙatar domen ya kai matakin 2016, wanda ba zai kai ba muddin tsohuwar na cikinsa. Don haka ni 2022 zan zaɓa maka, tallafinsa na nan har Oktoban 2031.

Fayiloli kuwa a kwashe su da Robocopy, manhajar kwafi da ke cikin Windows, don izinin kowace folda ya biyo ta, kada ɗan sito ya wayi gari yana karanta takardar albashi. A yi babban kwashe a tsakiyar mako, daren Asabar a ƙarasa abin da ya sauya kawai. Manhajar lissafin kuɗi ita ce mai rigima: lasisinta kan ɗaure da na'urar da aka fara sa ta, sai ka kira wanda ya sayar maka tun da wuri.

Kada a fara aikin nan babu UPS, na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke, mai batir mai rai. Mu da muka sha dumsor, wato ɗauke-ɗauken wutar lantarki, a 2015 ba sai an yi mana bayani ba.

In komai ya zauna, a kashe tsohuwar na kwana uku ko huɗu a ga wa zai yi kuka. Babu kuka, a kunna ta a sauke ta daga muƙaminta yadda ya kamata, a goge faifanta tas kafin ta bar ofis, don sunayen masu bashinka duk suna ciki.