Amsa ga Maman Biyu: shaidar yarinya 'yar shekara 8 a kotu

Maman Biyu, kin tambaya ko kotu za ta saurari 'yarki mai shekara 8 kan abin da maƙwabcinku ya yi mata, da ko za a rantsar da ita. Allah ya bi mata haƙƙinta. Mun shiga irin wannan da 'yar yayata, ni na riƙa raka su kotu.

Rantsuwa dai babu, dokar shaida ta Najeriya ta 2011 sashe na 209 ta ce yaron da bai kai 14 ba ba a rantsar da shi, alƙali zai ɗan gwada hankalinta ne kawai ya ga ko ta san muhimmancin faɗin gaskiya. Tamu an tambaye ta ajinta nawa, sunan malamarsu, sannan me ke samun maƙaryaci, ta ce wuta, alƙali ya ce to bismillah.

Amma fa maganarta ita kaɗai ba ta isa a ɗaure mutum ba tunda ba rantsuwa, sai an samu abin da ya ƙarfafa ta, shi ya sa takardar likita ki riƙe ta da kyau ki yi mata hoto a waya, kayan da ta sa ranar in ba a wanke ba kar a wanke, wanda ya ga shigarta gidan ma a lallaɓa shi ya zo.

Sannan don Allah kar ki haddace mata magana. Yayata kwana ta yi tana mata bita kamar karatun allo, washegari lauyan mutumin ya matso yana murmushi, ya ce 'yan mata wa ya koya miki wannan bayani mai kyau haka? Ta ce Ummana. Wallahi jikina sanyi ya yi, takardar asibitin nan ce ta cece mu. Ki ce mata ta faɗi abin da ta sani da bakinta, wanda ta manta ta ce ta manta.

Ki roƙi mai gabatar da ƙara ya nemi a fitar da 'yan kallo kafin ta fara. In kuma kotun shari'ar Musulunci ce lissafin daban ne, a Malikiyya ba a karɓar shaidar yaro kan babba, sai dai tsakanin yara a batun rauni kafin su watse, don haka ki tambayi lauya inda ya kamata a shigar.

Ki tafi mata da abinci da ruwa, mu sau uku muna wuni a benci ana ɗage zama kafin aka kira sunanta.