Tambaya da Amsa: Me ya sa tarihin gudun awa 24 ya daɗe ba a karya shi ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji an ce akwai tseren da ake ƙayyade lokacinsa maimakon nisansa, kuma wani Bagirke ya riƙe tarihinsa fiye da shekara ashirin. Me ya hana a kamo shi? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Abin da ka ji gaskiya ne. A irin wannan tsere ana ba 'yan gudu awa 24, ko 48, ko kwana shida, su yi ta zagaya wata gajeriyar hanya da aka auna, kuma wanda ya fi cin nisa kafin lokaci ya cika shi ke lashewa. Bagirken da kake nufi shi ne Yiannis Kouros, wanda ya yi kilomita 303.506 cikin awa 24 a filin tsere na Adelaide ta Ostireliya a 1997, sannan ya yi 290.221 a kan titi a Basel ta Siwizalan a 1998.

A ganina, sauri ba shi ne babban cikas ba. Kafin mutum ya kamo Kouros, sai ya riƙa cinye kowace kilomita cikin kusan minti huɗu da daƙiƙa 45, dare da rana, tare da cewa cin abinci da kewayawa duk a cikin lokacin ake lissafa su. Da yawa cikinsu ne ke fara juyawa su kasa riƙe abinci, wasu kuma barci ke rinjayarsu kafin asuba, kuma duk wanda ya zauna hutawa da wuya ƙafafunsa su koma yadda suke. Ga shi kuma tseren ba shi da kuɗi kamar gudun fanfalaki, don haka gwanayen da suka fi sauri ba sa kusantarsa.

Sai a Agustan 2021 Aleksandr Sorokin na ƙasar Lituweniya, wanda ya fara gudu don rage ƙiba, ya yi kilomita 309.399 a kan titi a Folan yana gab da cika shekara 40, ya karya tarihin Kouros bayan kusan shekara 24. A Satumban 2022 ya kai 319.614 a Verona ta Italiya. Masu cewa takalman zamani sun taimaka masa suna da hujja, amma sauran 'yan tseren ma suna sa irin su.

Shekara 24 ɗin nan ma kaɗan ce in aka kwatanta da tseren kwana shida, inda tarihin da George Littlewood ya kafa a New York a 1888 ya tsaya har 1984, lokacin da Kouros ɗin ya karya shi.